Waiwaye: Billen da Na Yi wa Madubina

Duk daren da na haska ƙasan bututun na'urar hangen nesata da tocila, sai na ga wasu siraran zane guda uku a kuncin madubin, a karkace, kamar wanzami ya yi masa bille. Tun watan Disambar 2020 suke nan. Baƙi in sun hau bene sun gani sukan ce, "Ayya, aikin ƙura ne ko?" Da farko nakan gyaɗa kai, domin ƙura ba ta da bakin da za ta musa. Yanzu na daina. Ƙura ta zo, gaskiya ne, amma wanzamin ni ne.

Ni malamin kimiyya ne a makarantar sakandare, kuma kallon sama ya shiga raina tun ina yaro, lokacin da muke kwana a tsakar gida ana nuna mana Zara da Kaza da 'ya'yanta. A 2018 na tara abin da na tara na sayi na'urar hangen nesa ta hannu, irin ƙirar da Ishaƙ Niyuton ya fara haɗawa a 1668. Bututu ne buɗaɗɗe, ba gilashi a bakinsa. Haske yana shiga kai tsaye ya faɗa kan wani madubi mai loko a can ƙasa, nawa faɗinsa inci 8, ya dawo ya bugi wani ƙarami, ya fito ta gefe inda ido ko kamara take. Ku riƙe wannan maganar ta buɗaɗɗen baki. Abin da haske ya bi, ƙura ma nan take bi.

Shekara biyu ina ɗaukar kayan nan a kafaɗa in hau da su bene, in daidaita, in sauko da su kafin asuba. Da zaman kullen korona ya zo a 2020, zama ya yi yawa, sai tunani ya yi yawa. Na ce me zai hana in gina wa na'urar ɗakinta a saman bene, mai rufin da zai zame da kansa in dare ya yi, ya dawo in gari ya waye, ni kuwa ina ƙasa ina barci, da safe in tarar da hotuna?

Na kai wa mai waldan unguwarmu zanen. Ya juya takardar sama da ƙasa, ya dube ni.

"Malam, rufin ne zai riƙa tafiya?"

"Shi ne."

"Shi kaɗai, ba mai turawa?"

"Ba mai turawa."

Ya ce shekararsa ashirin yana ɗaure rufi don kada iska ta tafi da shi, yau ga wanda zai biya shi kuɗi don rufi ya tafi. Amma ya yi aikin, kuma ya yi shi da kyau. Kwano a kan firam na ƙarfe, tayoyi takwas a kan dogo biyu, da injin irin wanda ake sa wa get ɗin manyan gidaje. Ya lafta wa dogon giris har yana ƙyalli, ya ce haka zai yi ta sulɓi. Ni kuma na haɗa wata 'yar kwamfuta da ba ta fi tafin hannu ba, Raspberry Pi, da manhajar INDI mai sarrafa na'urar da kamara da rufin, na jona su da batir da sola saboda halin wutarmu da kowa ya sani.

Sai na ɗauki masu gadi biyu. Na farko wani ɗan faranti ne mai jin ɗigon ruwa; digo ɗaya ya taɓa shi, rufi ya rufe. Na biyu wani ido ne mai kallon sama yana auna sanyinta. Dabarar mai sauƙi ce: sama in ta washe takan nuna sanyi ƙwarai, gajimare kuwa bargo ne, yana maido da ɗumi, to da idon ya ji ɗumi sai ya ce akwai hadari. Duk wannan tsari na kwaso shi ne daga masu sha'awar taurari na Ingila da Jamus, ban rage ko ƙusa ɗaya ba. Ban tsaya na tambayi kaina me su suke tsoro ba. Mutumin da ke zaune inda ake yayyafi kusan kowane mako, tsoronsa ruwa ne, kuma ɗakinsa amsar wannan tsoron ne.

Damina ta zo ta wuce, ɗakina ya ci jarrabawa. A watan Agusta sau da dama ina kwance in ji gurnanin rufin yana rufewa, bayan ɗan lokaci in ji ruwa a kan kwano. Na yi ta ba abokan aiki labari har suka gaji da ni.

Mahaifiyata tana zaune tare da mu. Da yake ni ne ɗan fari, ba ta faɗin sunana. Wata rana a farkon Nuwamba na same ta tana shirinta na kowace shekara: ta jera kwallayenta a kabad ta rufe da tsohon zane, ta kife faifai a bakin randa, ta sa an rataya buhu a tagar da ke fuskantar arewa maso gabas. Ba ta ɗago ba ta ce, "Kai wannan, shi ɗakin naka mai yaye hula da daddare, me ka tanadar masa na hunturu?"

Na durƙusa na yi mata bayanin masu gadina biyu, dalla-dalla, kamar ina gaban aji. Ta saurara har na gama. Ta ce, "To, Allah Ya taimaka."

Ranar Litinin 21 ga Disamba, 2020, Mushtari da Zuhal za su haɗu a sama, su matso kusa da juna a gani, kusancin da rabon a yi irinsa tun 1623. Tazarar da ke tsakaninsu ba za ta fi kashi ɗaya cikin biyar na faɗin wata ba, har a iya ɗaukar su biyun a hoto ɗaya, wannan da watanninsa huɗu, wancan da zobensa. Wata shida ina jiran wannan dare. Ana saura kwana biyu aka yi mana rasuwa a dangi, dole na yi tafiya. Ban damu sosai ba. Ai don irin wannan aka yi ɗakin. Na tsara masa aiki: da magariba ya buɗe ya ɗauki taurarin biyu kafin su faɗi a yamma, sannan ya juya ga gajimaren Oriyon ya yi ta ɗauka har asuba.

Daren farko hotuna suka zo mini a waya, ba laifi. Washegari ina zaune a tabarmar zaman makoki na ɗaga kai bayan la'asar, na ga rana ta koma fari fat kamar sabuwar tasa, ana iya kallonta ido da ido. Bishiyar da ke ƙarshen layi ta ɓace. Leɓuna suka fara tsagewa. Na faki ido na duba waya: maigadin ruwa ya ce babu ruwa, maigadin gajimare ya ce sama garau. Kuma kowannensu gaskiyarsa ya faɗa. Iskar hunturu busasshiya ce, hazon bai maido da ɗumin da zai kai mizanin da na sa masa ba. Na yi niyyar hana rufin buɗewa, sabis ya ɗauke, ga mutane na shigowa gaisuwa. Da magariba ta yi, can gida, ba kowa a kai, rufin ya zame, na'urar ta ɗaga bakinta sama.

Na san ta inda abin da ya shiga bakin nan ya fito, domin ina koyar da shi. A arewacin Chadi akwai wani kwari da ake kira Bodele, kusa da Faya-Larjo. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce ƙasan wani babban tafki ne, kakan Tafkin Chadi na yau, mai faɗin wajen murabba'in kilomita 350,000. Da ya ƙafe ya bar farin laka, wanda akasarinsa ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da ido ba ya gani, ɓawon kuma na silika ne, dangin gilashi. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi kamar ruwa a indararo, ta fito da ƙarfi ta ɗebi lakan nan ta yi sama da shi. Babu wani wuri guda a duniya da ya kai Bodele fitar da ƙura. Cikin kwana ɗaya ko biyu ta iso mana, ta hana jirage sauka a Kano, ta cika asibitoci da masu tari. Wadda ta wuce mu takan tsallake Tekun Atlantika. Wani nazari da masana hukumar NASA suka fitar a 2015 ya ƙiyasta cewa tan miliyan 182 na ƙura ke barin Sahara ta wannan hanya a shekara, kuma wajen tan miliyan 27 daga ciki yana sauka a dajin Amazon ya zama taki. Nakan gaya wa ɗalibai wannan su yi ta mamaki. Ban taɓa haɗa shi da benena ba.

Dare uku ɗakin yana buɗewa yana ɗaukar hoton toka. A asuba ta biyu kuma rufin ya cije. Giris ɗin nan mai ƙyalli ya sha ƙura ya zama kamar kwaɓin siminti, tayoyin suka tsaya saura kamu ɗaya a rufe, injin ya ji nauyi ya kashe kansa. Wato har da rana ma ƙofa a buɗe take. Mushtari da Zuhal suka yi haɗuwarsu suka rabu, abin da na samu shi ne ɗigo biyu dishi-dishi a cikin kunu.

Ranar Laraba na dawo, ko takalmi ban cire ba na hau. Komai ya yi fari: kamara, wayoyi, bututu, har sawun ƙadangare a ƙasa kamar an buga hatimi. Na haska madubin da tocila daga gefe, gabana ya faɗi. Sai na zaro ƙyallen da nake goge tabarau da shi, mai laushi, mai tsabta, na zura hannu har kafaɗa, na shafa sau ɗaya. Na ji wani ɗan sauti, ƙiris, wanda yatsa ke ji kafin kunne. Na janye hannu, amma aikin gama ya gama.

Madubin na'urar hangen nesa ba irin na ɗakin amarya ba ne. Na gida, azurfarsa a bayan gilashi take, gilashin ne ke karɓar duk wata guga. Wannan kuwa a fuska aka shafa masa alminiyam, shafin da kaurinsa bai wuce kashi ɗaya cikin dubu goma na milimita ba, ya fi gashin kai siranta sau ɗaruruwa, sai wani ɗan shafin kariya a kansa da shi ma bai taka kara ya karya ba. Ƙurar hunturu kuwa, ban da farin lakan Bodele, tana tafe da ɓarɓashin yashi, wanda ya fi gilashi kansa tauri. Muddin tana kwance ba abin da take yi. Da ka ɗora mata ƙyalle ka ja, ka haɗa samfefa. Garin gyaran gira ke nan.

Abin da ya fi ci mini rai ya zo bayan mako guda, da sama ta ɗan washe. Ban ƙara taɓa madubin ba, saboda tsoro, don haka yana nan da ƙurarsa in ban da layin da na share. Na saita na'urar a kan Kaza da 'ya'yanta ina jiran in ga ɓarna. Taurari suka fito tsaf, kaifi-kaifi. An ɗan rasa haske, baƙin sama ya ɗan yi fari kusa da masu ƙarfin cikinsu, shi ke nan. Dalilin kuwa lissafi ne da na sani tuntuni: ƙurar da ke kan babban madubi ta yi nisa da inda hoto ke haɗuwa, ba ta fitowa a hoto, iyakarta ta tare ɗan abin da ta rufe, kuma abin da ta rufe kaɗan ne ko da ido na ganin ta yi yawa. Tocilar da aka haska daga gefe maƙaryaciya ce, ko sabon madubi ka haska haka sai ka rantse an yi shekara ba a wanke shi ba.

Ƙurar da ke ɓata hoto da gaske ita ce wadda ta sauka kusa da idon kamara. Ita takan fito a hoto kamar awarwaro, zobba baƙaƙe nan da can. Ita ma ba guga take buƙata ba. Da asuba, kafin rana ta fito, a ɗauki hoton sama fili ba tauraro, ko a rufe bakin bututun da farar riga a ɗauka. Kwamfuta ta gane inda zobban suke ta cire su daga hotunan dare. Iyakar abin da ya rage a busa da 'yar robar hura iska.

Daga baya na bi yadda manya ke yi, na ji kunya ta ƙaru. A Faranal, cikin hamadar Atakama ta ƙasar Chile, akwai na'urori huɗu kowace madubinta mita 8.2. Masu kula da su ba sa kusantar madubin da ƙyalle. Iskar kabon dayokzaid suke fesawa, wadda in ta fito daga bututu take daskarewa ta zama ƙanƙara mai laushi, ta ture ƙurar, ta koma iska ta ɓace ba ta bar komai ba. In shafin ya tsufa, a sauke madubin gaba ɗaya a sake masa sabo. A tsibirin La Palma na ƙasar Sifen kuma, inda na'urar mita 10.4 take, ƙurar Saharar nan tamu ce ke kai musu ziyara, su suna kiranta kalima. A watan Fabrairun 2020 sai da ta rufe filayen jiragen tsibiran yankin. Masu na'urar suna da na'urorin ƙidayar ƙura a iska, in ta wuce iyaka sai su rufe rumfa su haƙura da daren, alhali kowane dare a wurinsu dukiya ce. Su da ke da kuɗin sake shafi suna rufewa. Ni da na tambayi kuɗin aika nawa madubin waje aka gaya mini abin da ya kusa sayen wani, ni ne mai barin ƙofa a buɗe.

Gyaran da na yi ya ɗauke ni hunturu biyu, kuma in na duba shi yanzu, kusan duk abin da Hajiya mahaifiyata ke yi wa kwallayenta ne. Na sa wa bakin bututun marfi mai ɗan inji, ba ya buɗewa sai rufin ya gama tafiya ƙurar da ya tayar ta lafa. In na'urar ta gama aiki takan kwanta a gicciye, bakinta na kallon kudu maso yamma, ta ba iska baya. Gindin bututun kuma hular wanka ta roba na sa masa, wadda na ɗauko ba da sanin uwargida ba. Hular ce ta raba ni da zanzaro, wanda ya taɓa fara gini a bayan madubin. Giris muka kankare shi tas, muka canza tayoyin zuwa na roba mai tauri da ke tafiya a busasshen dogo. Mai walda bai so ba, ya ce ƙarfe ba giris zalunci ne. Gefen rufin na bi shi da gashin buroshi, na toshe ɓangaren arewa maso gabas ruf.

Dabarar da na fi alfahari da ita kuɗinta bai kai na buhun siminti biyu ba. Ƙaramar fanka ce ke jawo iska daga waje ta cikin filtar iska ta mota, tana tura ta cikin ɗakin dare da rana in yana rufe. Da yake iskar ciki ta ɗan fi ta waje matsi, duk wata kafa da ta rage fita ake yi ta cikinta, ba shiga ba. Duk wata in cire filtar in kakkaɓe, in ga abin da da madubina zai sha. Ƙasan ɗakin kuma ba na sharewa sai na yayyafa ruwa, abin da kowace yarinya 'yar shekara bakwai a garin nan ta sani.

Na ƙara maigadi na uku, wata 'yar na'ura mai suna PMS5003 da ke ƙidaya ƙwayoyin ƙura da hasken leza. Tana da nata halin. Ta fi ganin hayaƙi a kan ƙura mai kauri, saboda haka in maƙwabci ya cinna wa bola wuta sai ta rufe mini ɗaki ana tsakiyar aiki, ranar da hazo ya yi kauri kuma sai ta faɗi ƙasa da abin da yake. Sai na haɗa mata da mataimaki: kamarar kanta tana ƙirga taurarin da ke cikin kowane hoto, in suka ragu sosai alhali ba gajimare, a rufe. Ga kuma sanarwar hukumar hasashen yanayi ta NiMet, wadda in ta ce ƙura ta tashi a Faya-Larjo, ba na jiran wani maigadi, da hannuna nake kashe komai na kwana uku. A bazara ma na koyi wani karatun, domin hadarin farko bangon ƙura yake turowa gaba kafin ɗigon ruwa ya sauka, maigadin ruwa yana barci har a gama ɓarna. Dole na kafa ma'aunin iska.

Duk wannan yana nufin ina asarar darare da yawa, watakila rabin rani, a lokacin da Oriyon ke tsaye a tsakiyar sama yana kirana. Ban saba ba har yanzu. Amma na gano cewa dararen da suka fi kyau a wurinmu na kaka ne, ƙarshen Oktoba, bayan ruwa ya wanke iska kafin arewa ta buɗe ƙofa, kuma dare ɗaya irin wannan ya fi goma na hazo.

Wankin madubi kuwa sai ya shekara, wani lokaci biyu, kuma a damina nake yi. In sauke shi in ɗora a kan tawul cikin baho, in bar ruwa ya yi ta kwarara a kansa ba tare da na taɓa ba. In jiƙa shi a ruwa mai ɗumi da ɗigon sabulun ruwa guda. Sannan, yana nutse, in ja auduga a kansa da nauyinta kawai, kowane ƙulli ja ɗaya a yar. In ɗauraye da tataccen ruwa, in jingine shi a tsaye ya tsane. A nan a yi hattara da abin da ake sayarwa da sunan ruwan batir, domin wani da asid a cikinsa. Ni a shagon kayan ɗakin gwaji nake saye. Duk sanda na yi wannan wanki billen nan uku sukan fito fes, sun fi kowane lokaci kyau.

Sau ɗaya Hajiya ta yarda ta hau benen, a wani daren Nuwamba, jikokinta na riƙe da hannunta. Na cire kamara na sa mata gilashin ido, na saita Zuhal. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ikon Allah, har da ɗan kunnensa." Sannan ta miƙe, ta ja mayafi ta rufe hanci, ta juya fuska arewa kamar mai sauraren kira.

"Kai wannan, rufe abinka. Iska ta juya."

Na duba waya. Masu gadi huɗu duk sun ce lafiya lau. Na ce mata to, na danna marfin ya rufe, na bar rufin a buɗe don in gani. Na raka ta ƙasa, na zauna a tsakar gida ina shan shayi. Ban kai ga shanye kofin ba na ji gurnanin tayoyi a kan dogo.